Saka ƙarfe cikin DNA: wai me masana ke yi ne, kuma ina abun ya dosa?

Lokaci zuwa lokaci sai ka ga labari ya fito cewa wasu masana sun saka azurfa ko zaiba ko jan ƙarfe a cikin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, sun samar da sabbin haruffan gado, kafin ka ankara an ɗauka an yaɗa, wannan ya ce an fara ƙera mutum mai ƙarfe a jini, wancan ya ce ai dama shi ake zubawa a allurar rigakafi, wani kuma ya ce an gama da wayar lantarki irin wadda muka sani tunda yanzu DNA zai riƙa ɗaukar wuta. Abun da ake yi a ɗakunan gwaji bai kai nan ba, kuma ma ba can ya nufa ba. Aiki ne na masana kimiyyar sinadarai, a cikin ɗan kwalabe, da guntayen DNA da inji ya haɗa, kuma babban abun da suke nema shi ne su iya jera ƙwayoyin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya a daidai inda suke so.

Tukuna, me ke riƙe DNA?

DNA zare biyu ne da suka murɗe da juna, siffar da James Watson da Francis Crick suka bayyana a 1953 da taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin gwajin su Rosalind Franklin. Ka ɗauke shi kamar tsani da aka murɗa, sandunan gefe biyu na sukari ne da fosfet, matakalan tsakiya kuma kowacce haruffa biyu ne da suka riƙe juna, ɗaya daga wannan zaren ɗaya daga wancan. Haruffan huɗu ne, A, T, G da C. A na kama T, G na kama C, haka dokar take. Faɗin tsanin kusan nanomita 2 ne, tsakanin matakala da matakala kuma nanomita 0.34, shi nanomita ɗin kuwa sai ka raba milimita ɗaya gida miliyan kafin ka samu guda.

Abun da ke riƙe haruffan shi ake kira haɗin haidirojin, wato ɗan atom na haidirojin ne ke tsayawa tsakanin naitirojin ko oksijin na wannan harafi da na wancan. Tsakanin A da T guda biyu ne, tsakanin G da C guda uku. Riƙon ba mai ƙarfi ba ne sosai, shi ya sa in aka ɗumama ruwan da DNA ke ciki zarukan biyu sai su rabu, masana na kiran wannan narkewa, kuma zafin da rabin zarukan ke rabuwa shi ne ma'aunin da suke duba ƙarfin riƙo da shi. A riƙe wannan ma'aunin don zai yi ta dawowa a gaba.

Ƙarfen da ake sakawa kuwa a siffar ayon yake, shi ayon na ƙarfe atom ne da ya rasa elektaron ɗaya ko fiye sai ya zama yana ɗauke da caji mai kyau, wato fozitib, yana ta neman inda zai samu elektaron ya liƙe. Ayon na azurfa ya rasa ɗaya, na zaiba da na jan ƙarfe da ake amfani da su a nan sun rasa bibbiyu. Ba gutsuren ƙarfe ba ne da za ka gani ko ka taɓa, a narke yake cikin ruwa. Kuma dama can DNA ba baƙon ƙarafa ba ne, sodiyam da fotasiyam da magnisiyam kullum suna kewaye da shi don su kwantar da cajin fosfet ɗin, ba don su ba da zarukan biyu sun ture juna. Bambancin shi ne waɗannan a waje suke shawagi, a aikin da muke magana kuwa ƙarfen cikin matakalar yake shiga ya zauna, ya karɓi aikin haidirojin.

Da zaiba aka fara, kuma ba da niyya ba

Tun 1952, kafin ma a san siffar DNA, wani masani Sidney Katz ya lura in aka zuba gishirin zaiba cikin ruwan DNA yauƙinsa na raguwa, in aka janye zaibar kuma sai ya koma yadda yake. A 1961 Tetsuo Yamane da Norman Davidson a Caltech ta Amurka suka nuna cewa duk lokacin da zaiba ta kama DNA haidirojin na fita, sannan a 1963 Katz ya kawo bayaninsa, cewa zaibar na shiga tsakanin T biyu ne, ta kori haidirojin ɗin da ke kan naitirojin na kowannensu ta riƙe su a miƙe. T da T kuwa a ƙa'ida ba sa kama juna, kuskure ne in sun fuskanci juna cikin DNA.

Maganar ta kwanta shekara wajen arba'in ba wanda ya iya tabbatarwa kai tsaye, dalili kuwa a wancan zamani DNA ɗin da ake gwaji da shi daga jikin dabba ake tatsowa, dogo ne kuma ba ka da iko da jerin haruffansa. Sai da Marvin Caruthers da abokan aikinsa suka fito da hanyar haɗa guntayen DNA harafi bayan harafi a farkon shekarun 1980, inji ya zo yana yi, sannan mutum ya samu damar cewa ina son T ya fuskanci T a daidai wuri kaza. A 2006 ƙungiyar Akira Ono ta Jami'ar Kanagawa a Japan ta nuna cewa zaiba ɗaya tak a tsakanin T biyu na ɗaga zafin narkewa da kusan digiri 10, wato kuskuren ya koma matakala mai ƙarfi irin na asali, kuma sauran ƙarafa da suka gwada ba su yi haka ba. A 2008 suka ƙara da cewa azurfa ma tana yin irin wannan tsakanin C da C. A 2014 Jiro Kondo na Jami'ar Sophia a Tokiyo ya fitar da hoton DNA mai matakala biyu na zaiba a jere da aka daskarar ya zama kamar lu'ulu'u, aka ga tsanin bai lalace ba, murɗarsa na nan yadda aka san ta, tsakanin zaiba da zaiba kuma kusan nanomita 0.33.

Akwai wani abu a nan da ke ba mutane mamaki, ayon biyu masu caji iri ɗaya ai ture juna ya kamata su yi, to ya aka yi suka zauna kusa haka? Amsar ita ce kowane T da ya saki haidirojin ɗinsa ya zama mai caji mara kyau, wato negetib, biyu suka haɗu suka cinye cajin zaibar, matakalar ta tashi ba caji kenan. Sannan manyan ƙarafa irin su zaiba da azurfa da zinare suna da wani ɗan janyo juna na kansu in sun matso kusa. Wani abu kuma, zaiba a cikin ruwa lulluɓe take da ƙwayoyin ruwa da suka kewaye ta, in ta shiga cikin DNA sai ta sake su su watse, kuma wannan sakin shi kansa yana cikin abun da ke tura haɗin gaba.

Haruffan da aka ƙera da hannu

Wasu masanan ba su tsaya kan T da C ba, suka ce tunda ƙarfe ke riƙo me zai hana mu cire harafin gabaɗaya mu sa wani sinadari da aka san shi da cafke ƙarfe. Kentaro Tanaka da Mitsuhiko Shionoya a Japan suka kawo wannan tunani a 1999, sai a 2000 Eric Meggers tare da Peter Schultz da Floyd Romesberg a cibiyar Scripps ta Amurka suka saka irin wannan matakala ta farko cikin DNA na gaske, jan ƙarfe ne ya riƙe ta. In babu jan ƙarfen wurin sai ya zama rauni, in an zuba shi sai ya ɗinke.

Daga nan abun ya buɗe. Shionoya a Jami'ar Tokiyo ya yi wani harafi da suke yi wa laƙabi da H, biyu suna kama jan ƙarfe ɗaya a shimfiɗe daidai kaurin matakala, kuma a 2003 suka jera jan ƙarfe har 5 a tsakiyar DNA, tsakanin kowanne da na kusa da shi kusan nanomita 0.37, suka kuma ga ɗan maganaɗisun da kowane ayon ke da shi ya fuskanci gefe ɗaya da na sauran. A Munik ta Jamus Thomas Carell da ɗalibinsa Guido Clever suka yi wata matakalar da ake kira salen, ita banda ƙarfen har da wani ƙaramin sinadari da ke ɗaure haruffan biyu, ƙarfinta ya kai guda ɗaya na ɗaga zafin narkewa da sama da digiri 40, daga baya suka jera ƙarafa 10 da ita. A 2006 ɓangarorin biyu na Tokiyo da Munik suka haɗa hannu suka nuna za a iya cakuɗa jan ƙarfe da zaiba a tsarin da aka zaɓa tun farko, misali jan ƙarfe, zaiba, jan ƙarfe, kowa ya je mazauninsa da kansa don harafin da ke wurin shi kaɗai yake karɓa. Wannan gwajin shi ne zuciyar fannin, domin a duk sauran hanyoyin sinadarai da wuya ka iya cewa atom kaza ya zauna a lamba ta uku atom kaza a ta huɗu, amma da DNA kana rubuta jerin haruffan ka riga ka rubuta jerin ƙarafan.

Jens Müller, wanda ke Jami'ar Munsta a Jamus, ya bi ta hanyar wani ƙaramin zobe mai suna imidazol da azurfa, a 2010 shi da Roland Sigel na Zurik suka fitar da siffar DNA mai irin wannan matakala uku a jere cikin ruwa. A 2017 kuma Kondo ya samu wani lu'ulu'u da azurfa ta shiga kowace matakala, ta yi layi ɗaya ba yankewa daga wannan guntun DNA zuwa na gaba, kuma da haruffan asali aka yi shi.

Inda masanan suka sha bamban

Saɓani na farko kan wane harafi ya fi, na asali ko na ƙira. Masu amfani da T da C hujjarsu sauƙi da arha, kowane kamfanin da ke haɗa DNA zai yi maka, kuma enzayim, wato furotin ɗin da ke kwafar DNA, sun san su. Matsalarsu ita ce T bai daina son A ba don ka zuba zaiba, in ya samu A a kusa zai iya komawa can, azurfa kuma ba ta da tsantseni sosai, tana kama G da A ma in ta yi yawa, sai tsarin da ka shirya ya rikice. Masu ƙera nasu haruffan kuma suna samun riƙo mai ƙarfi da zaɓen ƙarfe mai kyau, harafin ba ya kula A ko T ko G ko C, sai dai haɗa shi aiki ne na matakai da yawa da ke cin makonni, ba a kasuwa ake saye ba galibi, kuma enzayim na yawan ƙin karɓarsa. Kowane ɓangare na da gaskiya a inda ya tsaya, mai son na'urar gwaji mai arha zai bi na farko, mai son gina abu mai tsari daidai zai bi na biyu.

Saɓani na biyu ya fi zafi, shi ne batun waya. Tun 1993 Jeremy Lee na Jami'ar Saskachewan a Kanada ya ba da rahoton wani abu da ya kira M-DNA, inda ya ce zinki ko kobalt ko nikel na shiga cikin matakalan DNA na asali in ruwan ya karkata ɓangaren alkali, daga baya aka ce yana ɗaukar lantarki kamar ƙarfe. Wasu suka gwada ba su gamsu ba, ana ta ja-in-ja ko ƙarfen cikin matakala yake ko a kwarin gefen tsanin ya kwanta. Ko a matakalan da aka tabbatar da siffarsu ma sakamakon bai zo iri ɗaya ba, gwaje-gwajen da aka yi da zaiba tsakanin T biyu ba su nuna wani ƙarin gudun caji na a zo a gani ba, yayin da wasu gwaje-gwajen da jan ƙarfe da azurfa suka nuna ƙari. Dalilin da masu taka-tsantsan ke kawowa a fili yake, a cikin azurfa tsantsa tsakanin atom da atom kusan nanomita 0.29 ne kuma elektaron na yawo a sake, a cikin DNA kuwa ayon ne, tazarar ta fi haka, kuma kowanne harafinsa ya riƙe shi gam. Jera ƙarfe a layi daban, wuta ta bi layin daban. Ga kuma wahalar aunawa, maƙala zare ɗaya mai faɗin nanomita 2 tsakanin sanduna biyu na lantarki ba wasa ba ne, sau da yawa abun da aka auna yanayin maƙalawar ne ba na zaren ba. Masu kyakkyawan zato suna cewa ba a gama gwada duk ƙarafa da haruffa ba, kuma ko bai zama waya ba zai iya zama makunni, tunda ana iya janye ƙarfen da sinadari irin su EDTA a sake mayar da shi, riƙon ya kunce ya sake ɗaurewa. A halin da ake ciki maganar makunni ta fi maganar waya tsayuwa da ƙafafunta, ƙungiyar Shionoya da Yusuke Takezawa sun yi guntayen DNA masu yanka wani zare waɗanda ba sa aiki sai an zuba jan ƙarfe, a janye shi su tsaya.

Na uku, shin wannan ƙarin haruffan gado ne? Akwai wani fanni na kusa da ake yawan cakuɗa su, na masu ƙara haruffa ba tare da ƙarfe ba. Romesberg a 2014 ya samu ƙwayar bakteriya E. coli ta riƙe haruffa biyu na ƙira tana kwafarsu tana hayayyafa, Steven Benner kuma a 2019 ya fitar da tsari mai haruffa 8. Waɗannan su ne suka shafi gado kai tsaye. Na ƙarfe sun ɗan taɓa wannan ɓangaren, an nuna enzayim mai kwafa na iya saka T a gaban T in akwai zaiba, kuma a 2011 ƙungiyar Carell ta nuna ana iya kwafar matakalar salen har a ninka ta da PCR, wato dabarar yawaita kwafin DNA a ɗakin gwaji, amma duk a cikin kwalba ne.

Zai iya shiga jikin mutum?

A nan ne tsoron jama'a yake, kuma sinadaran jiki da kansu sun ba da amsa. Ƙwayar halitta cike take da sinadarai masu salfa irin su gulutatayon da furotin iri-iri, su kuma salfa suna kama zaiba da azurfa fiye da yadda T ko C za su kama su nesa ba kusa ba, don haka matakalar za ta rasa ƙarfenta ta kunce. Jan ƙarfe ma jiki ba ya barinsa yawo a sake, furotin na musamman ke ɗaukarsa daga hannu zuwa hannu. In kuma ka ce za ka zuba ƙarfen da yawa har ya wadatar, ƙwayar za ta mutu kafin nan don guba ne. Shi ya sa ba wanda ke maganar canza gadon mutum ta wannan hanya, kuma ba shi da alaƙa da allurar rigakafi.

Kar kuma a haɗa shi da maganin kansa irin su sisplatin, wanda aka amince da shi a Amurka tun 1978. Shi ma ƙarfe ne, filatinom, kuma DNA yake kamawa, amma yana liƙewa ne kan G biyu da ke maƙwabtaka yawanci a zare ɗaya, ya lanƙwasa tsanin har ƙwayar kansar ta kasa kwafar kanta. Wancan ɓatawa ake nema da gangan, wannan kuma so ake tsanin ya zauna lafiya da ƙarfen a cikinsa.

Abun da zai iya taɓa talaka

In akwai inda mutum na gari zai fara cin karo da wannan ilimi to wajen gwada ruwa ne. Zaiba guba ce da ke lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda, abun da ya faru a Minamata ta Japan, inda aka gano cutar a 1956 bayan masana'anta ta daɗe tana zubar da dagwalo a teku, shi ya sa yarjejeniyar duniya kan zaiba da aka amince da ita a 2013 ta ɗauki sunan garin. Yau ƙananan masu haƙar zinare da ke amfani da zaiba wajen tattara shi su ne kan gaba wajen sakinta a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikurogiram 6 a lita ɗaya ta ruwan sha, shi maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, hukumar kare muhalli ta Amurka kuma 2, kuma auna ƙanƙanin abu haka a al'ada sai da manyan injina masu tsada da ƙwararren ma'aikaci.

A 2004 Ono da Humika Togashi suka yi wani zare mai T da yawa, a wannan bakin suka ɗaura sinadari mai haske a ɗaya bakin kuma mai shanye haske. Ba zaiba zaren a miƙe yake yana haskawa, zaiba na shiga sai ta haɗa T da T zaren ya naɗe bakunan biyu su haɗu, hasken ya dushe, yawan dushewar ya gaya maka yawan zaibar. A 2007 ƙungiyar Chad Mirkin a Jami'ar Northwestern ta yi da ƙananan ƙwayoyin zinare masu ɗauke da DNA, waɗanda in suna warwatse ruwan ja ne in sun dunƙule ya koma shuɗi-shuɗi, wato ido ma zai gani. Bayan su an yi ɗaruruwan irin waɗannan, wasu a kan takarda, wasu da ɗan mita na lantarki. Akwai kuma masu gwada amfani da dabarar wajen gano sauyin harafi ɗaya a gadon mutum, tunda in zaren gwaji ya haɗu da na majiyyaci aka samu T na fuskantar T zaiba za ta tona wurin.

Sai dai har yanzu hukumomin ruwa da injinansu suke aiki, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ruwan ɗakin gwaji tsaftatacce ne, na rafi ko rijiya kuwa akwai ruɓaɓɓen ganye da gishiri da salfa da ke riga DNA ɗin kama zaibar, sai na'urar ta nuna ƙasa da abun da ke ciki, wanda ya fi rashin gwajin ma haɗari. Akwai enzayim na ƙwayoyin cuta da ke cinye zaren, ga zafi da ke rage kwanan kayan a ajiye. Sannan dabarar ayon ɗin zaiba take gani, alhali wadda ta fi cutar da mutane ita ce metilmakuri, nau'in zaibar da ke taruwa a naman kifi, ita kuma hannu ɗaya kawai ya rage mata na riƙo don ɗayan na ɗaure da kabon, ba za ta iya haɗa T biyu ba, sai an fara narka samfurin an mayar da ita ayon kafin zaren ya gan ta.